Umarnin sort ya mayar da fayil ɗin manomanmu fanko, ina kuskuren yake?

Magatakarda, daga wani ƙauye a yankin Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da 'yan'uwa da ke wannan zaure, da fatan an wuni lafiya, ya kuma sanyin hunturu.

Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar manoman rani a yankin Auyo ta jihar Jigawa, kuma shekara biyu ke nan ina ajiye lissafin ƙungiyar a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙanena ya bar mini bayan ya sa mata Ubuntu, domin ta tsufa har Windows ta yi mata nauyi. Da manhajar rubutu mai suna nano nake rubuta komai, a fayil guda mai suna manoma.txt, kowane manomi da layinsa: sunansa, unguwarsu, yawan buhunan taki da ya karɓa, da abin da ya rage masa na biya. Sunaye 214 ne a ciki.

Daren Talatar da ta wuce, bayan sallar isha'i, shugabanmu ya ce in jera masa sunayen bisa haruffa kafin taron ranar Juma'a. Batirin sola ya kusa ƙarewa, ina sauri, sai na rubuta wannan:

`sort manoma.txt > manoma.txt`

Babu wani gargaɗi da ya fito, umarnin ya wuce lami lafiya. Da na buɗe fayil ɗin sai na tarar babu ko harafi ɗaya, na kuma duba da `ls -l` na ga girmansa sifili. Na rufe kwamfutar a daren, kuma ban sake kunna ta ba sai da safe na ɗan duba na kashe. Abin da ya fi damuna shi ne lissafin bashi, domin littafin rasit bai ƙunshi waɗanda suka biya rabi a bakin gona ba, kuma magana ce ta haƙƙin mutane.

Tambayata kashi biyu ce. Me ya faru a zahiri, tunda aikin sort jerawa ne ba sharewa ba, kuma akwai hanyar ceto wani abu? Sai kuma wata tsohuwar matsala da ban taɓa samun wanda zan tambaya ba: na rubuta ɗan fayil ɗin umarni mai suna je.sh wanda babu komai a cikinsa sai `cd`, umarnin sauya folda, zuwa foldar lissafi, amma duk lokacin da na gudanar da shi sai in ga ina nan inda nake. Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi, Birnin Kudu

Wa alaikumus salam, Malam Magatakarda. Allah ya mayar da alheri. Da farko dai ka yi daidai da ka kashe kwamfutar, kuma ina roƙonka kada ka ajiye wani sabon abu a cikinta tukuna.

Tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce, kuma idan ka riƙe ta za ta warware maka rabin abubuwan da ke rikita mutane a Unix. Ba sort ne ya share fayil ɗinka ba. Shel ne, wato manhajar nan da ke karɓar abin da ka rubuta a baƙin allo, wadda a Ubuntu ake kira bash. Alamar `>` ba ta isa wurin sort ko kaɗan, domin ta shel ce, shi ne yake karanta ta ya aikata abin da take nufi tun kafin sort ya fara numfashi. Abin da take nufi kuwa shi ne a buɗe fayil ɗin da ke gabanta don rubutu, idan babu shi a ƙirƙire shi, idan kuma akwai shi a datse shi ya koma sifili. Sai bayan an gama wannan ake kiran sort, shi kuma ya buɗe manoma.txt don ya karanta, ya tarar da shi wayam, ya jera babu, ya rubuta babu, ya fita yana ganin ya cika aikinsa. Shi ya sa ba ka ga gargaɗi ba.

Misalinsa kamar ka ce wa yaro ya zazzage buhu ya kakkaɓe shi sarai don a zuba shinkafar da aka sheƙe, alhali shinkafar da za a sheƙe ɗin a cikin wannan buhun take. Yaron bai saɓa maka ba, kuma mai shiƙar ba ta ɓarar da komai ba, tun kafin ta ɗauki faifai aikin ya riga ya lalace.

Ga yadda abin yake tafiya a ciki. Idan ka ba shel umarni irin sort, ba ya yin aikin da kansa. Yana roƙon kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfutar, ya yi masa kwafin kansa ta hanyar kiran da ake ce wa `fork`. Yanzu an sami uba da ɗa. Uban yana zaune yana jira, ɗan kuma shi ne ɗan aike. Kowane aiki mai gudana yana da ƙofofi uku da aka lambata: 0 ta shigar bayanai, 1 ta fitar sakamako, 2 ta saƙon kuskure. Ɗan aiken nan shi ne yake buɗe fayil ɗinka da tutar datsewa mai suna `O_TRUNC`, ya ɗaura shi a ƙofa ta 1, sannan ya kira `exec` ya rikiɗe ya zama sort. Shi sort bai ma san ana tura sakamakonsa cikin fayil ba, ƙofa ta 1 kawai ya sani. Wannan rabuwa tsakanin `fork` da `exec` ita ce ta ba shel damar shirya wa kowane umarni wurin aikinsa ba tare da an koya wa umarnin komai ba, kuma tana cikin kyawawan dabarun da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka bari tun da suka fara Unix a Bell Labs na Amurka a 1969. Amma wuƙar da take yanka nama ita ce take yanke yatsa.

Batun je.sh kuma, ɗan aiken ne ya tafi foldar lissafi, ba kai ba. Idan ka aiki yaro kasuwar Hadejiya, shi ne ya je, kai kana zaure. Kowane aiki mai gudana yana da tasa foldar da yake tsaye a ciki, ɗa yana gadon ta uba a lokacin haihuwa, amma babu abin da ɗa zai yi ya motsa uban. Fayil ɗinka ya gudana a cikin sabon shel, ya yi `cd` ɗinsa daidai, ya mutu, aka dawo da kai wurin uban da bai gusa ba. Ritchie da kansa ya ba da labarin cewa a farkon Unix umarnin sauya folda shiri ne mai zaman kansa, kuma da suka ƙara `fork` sai ya daina aiki, suka yi ta neman dalili kafin su gane cewa yana sauya foldar ɗan ne kawai. Daga nan aka mayar da shi cikin jikin shel. Idan ka rubuta `type cd` za ka ga bash ya gaya maka cewa ginanne ne a cikinsa.

Maganin shi ne ka ce wa shel ɗin da kake ciki ya karanta fayil ɗin da kansa, kada ya aiki kowa: `. ./je.sh` da ɗigo a farko, ko `source je.sh`. Don jerawa kuma nan gaba, `sort -o manoma.txt manoma.txt` ba ya da wannan haɗari, saboda a nan sort ne yake riƙe da sunan fayil ɗin fitarwa, kuma yana gama karantawa kafin ya rubuta.

Malama daga Gwarzo

Sannu Malam Magatakarda, Allah ya sa a dace. Malam ya gama bayanin dalili, ni zan taɓa batun ceto, domin irin wannan ya taɓa samuna da sakamakon jarrabawar ɗalibai.

Datse fayil ba ya goge rubutun daga faifan ajiya nan take. Abin da ake yi shi ne a saki wuraren da rubutun yake a ce kowa na iya amfani da su. Idan kwamfutarka tsohuwa ce mai faifai mai juyawa, akwai kyakkyawan fata cewa sunayen suna nan kwance. Ka nemi filashin da aka sa maka Ubuntu da shi ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka girka komai ba, ka sa wani filashin na biyu don ajiye abin da ka tono, ka duba sunan ɓangaren faifan da `lsblk`. Sai ka zaɓi wani suna da ka tabbata yana cikin lissafin kuma ba ya yawan fitowa a wani wuri, ka sa grep ya bi faifan ɗanye yana nemansa:

`sudo grep -a -B 220 -A 220 'Ɗanladi' /dev/sda2 > /media/ubuntu/FILASH/ceto.txt`

Ka gyara sunan faifan da na filashin su dace da naka. Zai ɗauki lokaci mai tsawo, don haka ka fara da rana tsaka lokacin da sola ke ba da wuta sosai. Abin da zai fito haɗe yake da tarkace, sai ka zauna ka tsince. Ka lura kuma cewa a nan ma alamar `>` shel ɗinka ne yake aikata ta, ba sudo ba (umarnin da ke ba grep cikakken izini), saboda haka wurin da za ka rubuta dole ya zama inda kake da izini, kuma kada ya kuskura ya zama faifan da kake tonowa.

Bayan an wuce wannan, ina ba ka shawarar abu biyu. Ka sa `set -o noclobber` a cikin fayil ɗin `.bashrc` naka, wanda bash ke karantawa duk lokacin da ka buɗe baƙin allo, daga ranar bash zai ƙi datse fayil ɗin da yake akwai da alamar `>`, sai ka rubuta `>|` da gangan. Sannan ka riƙa buɗe nano da `nano -B`, wanda yake barin kwafin da ya gabata da alamar `~` a ƙarshen sunansa duk lokacin da ka ajiye.

Ni dai vim, wani edita irin nano, nake amfani da shi, kuma dalilina wutar lantarki ce ba wani abu ba. Yayin da kake rubutu yana riƙe wani ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da `.swp`, yana sabunta shi bayan kowane harafi 200 ko bayan daƙiƙa 4 da ka tsaya, ta yadda idan batir ya mutu kana tsakiyar aiki, `vim -r manoma.txt` zai dawo maka da kusan komai. Na san farkonsa yana da wuya, domin mutum yana danna harafi ya ga ba rubutu ake yi ba umarni ake bayarwa. Asalinsa vi ne da Bill Joy ya rubuta a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1976, a kan wata tashar rubutu da aka zana kibiyoyi a kan madannan h, j, k da l, shi ya sa har yau da su ake yawo a cikinsa, sai Bram Moolenaar ya fitar da vim a 1991. Amma gaskiya ko vim da ba zai cece ka a daren Talata ba, tunda ɓarnar a wajen edita aka yi ta. Idan nano ya ishe ka, kada kowa ya matsa maka ka bar shi.

Wani ƙaramin abu da zai iya ba ka mamaki ranar da ka jera sunayen: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bayit biyu ne a tsarin UTF-8, wanda Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara a 1992. Idan saitin harshen kwamfutarka yana kan `C`, sort zai bi lambobin bayit ne, sai ka ga Ɗanladi ya koma ƙasan Zakari. Ka duba da umarnin `locale` kafin ka miƙa wa shugaba takardar.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Ringim

Ina gaida Malam da Malama, kuma ina neman afuwa in ɗan ƙara a kan batun `noclobber`, domin ina tsoron kada Baba Magatakarda ya ɗauke shi a matsayin cikakkiyar kariya. Yana tare alamar `>` ce kaɗai. Ba ya hana `cp` mai kwafa ko `mv` mai matsarwa su haye kan fayil, ba ya hana `rm` mai sharewa, kuma saitin da aka sa a `.bashrc` ba ya bin mutum cikin fayil ɗin umarnin da ya gudanar, sai an sake rubuta shi a can. Lissafin da ke ɗauke da bashin mutum 214 bai kamata ya zauna a kwafi ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne kafin kowane gyara a rubuta `cp manoma.txt manoma-$(date +%F).txt`, wanda zai bar kwafi mai ɗauke da kwanan watan ranar, a kuma riƙa kwashe su zuwa filashi kowace Juma'a. Wanda ya fi wannan shi ne git, da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kuma mutane da yawa ba su san cewa ba ya buƙatar intanet ba. A cikin foldar ake ajiye tarihin gyare-gyare gaba ɗaya, kuma zai iya nuna wa ƙungiya ranar da aka sauya lissafin wani da abin da aka sauya.

Magatakarda, daga wani ƙauye a yankin Auyo

Alhamdu lillahi, na dawo da labari mai daɗi. Ƙanena ya kawo filashin ranar Alhamis, muka zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida muka ja waya daga batir, muka bar grep yana aiki tun hantsi har bayan la'asar. Da muka buɗe ceto.txt, a tsakanin wasu alamomi marasa kan gado sai ga sunayen mutanenmu a jere kamar yadda na rubuta su, har da kuskuren da na yi a sunan wata unguwa tun bara. Kwafi biyu muka samu, ɗaya tsoho ɗaya na kusa, kuma na kusan ya ba mu layi 197 cikakku. Sauran 17 na haɗa su daga littafin rasit da bakin masu su a wurin taro, kowa ya faɗi nasa a gaban shaidu. Malama, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Malam, na gwada ɗigon nan a gaban je.sh kuma ya kai ni foldar. Kai kuma ɗana na Ringim, na fara ajiye kwafi mai kwanan wata tun daren jiya.

Sai dai bayanin uba da ɗan aike ya tsaya mini a rai. Shekara biyu ina rubuta umarni kamar mai haddar da bai san fassara ba, yanzu kuma ina son in ga abin da idona. Shin mutum irina, da wannan tsohuwar kwamfuta da intanet ɗin waya da sai an hau tudu ake samu, zai iya karanta yadda aka rubuta shel da kanel, ko wannan sai a jami'a?

Malamin Lissafi, Birnin Kudu

Madalla, na yi farin ciki da jin an ceto haƙƙin mutane. Amsar tambayarka ita ce zai iya, amma ina ba ka shawara kada ka fara da kanel ɗin Linux, wanda Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 kuma yau ya kai miliyoyin layuka, ko da bash kansa, wanda Brian Fox ya fitar a 1989 kuma ya tara kaya masu yawa tun daga lokacin.

Mataki na farko bai buƙatar ka karanta komai. Ka sa strace, mai nuna kiraye-kirayen da shiri ke yi wa kanel, idan babu shi, ka ƙirƙiri fayil ɗin gwaji wanda ba ka damu da shi ba, ka rubuta:

`strace -f -e trace=openat,execve bash -c 'sort gwaji.txt > gwaji.txt'`

Layuka da yawa za su zubo, amma ka nemi guda biyu. Za ka ga inda aka buɗe gwaji.txt da `O_TRUNC`, sannan a ƙasansa ka ga `execve` na sort. Wannan shi ne daren Talatarka a rubuce, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu shi ne ka koyi harshen C gwargwadon da za ka iya rubuta ƙaramin shel naka. Ba ya wuce shafi ɗaya ko biyu: ya nuna alama, ya karanta layi, ya raba shi kalma-kalma, ya kira `fork`, ɗan ya kira `execvp`, uban ya jira da `waitpid`, a koma farko. Ina roƙonka da gangan kada ka saka `cd` a karon farko. Ka bar shi ya ƙi aiki a hannunka, sannan ka gyara shi ta hanyar sa uban ya kira `chdir` da kansa. Bayan haka ka ƙara alamar `>`, kuma a nan ne za ka zaɓa da hannunka ko a datse fayil ko a ƙi.

Idan ka kai nan, sai xv6. Ƙaramar babbar manhaja ce da malaman jami'ar MIT ta Amurka suka rubuta a 2006 don koyarwa, bisa tsarin bugu na shida na Unix, kuma kyauta ake samunta. Kanel ɗinta bai kai layi dubu goma ba, shel ɗinta kuwa fayil ɗaya ne mai suna sh.c, 'yan ɗaruruwan layuka. A cikinsa za ka ga an ware `cd` an aikata shi a cikin uba kafin a kai ga `fork`, kuma za ka ga yadda ake juya ƙofa da dabara mai sauƙi: a rufe ƙofa ta 1, a buɗe fayil, shi kuma kanel kullum yana ba da lamba mafi ƙanƙanta da babu kowa a kanta, sai fayil ɗin ya faɗa a gurbin 1. Ba a faifanka ake girka ta ba, a cikin QEMU take gudana kamar kwamfuta a cikin kwamfuta, saboda haka ko ka lalata kanel ɗin sau ɗari lissafin ƙungiya ba zai ji komai ba.

Rubutun xv6 ɗin ba ya da nauyi a sauke, amma QEMU da kayan harhaɗa shiri na RISC-V, tsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta da sabon bugunta yake amfani da shi, suna cin data, don haka ka bari sai ranar da ka shiga Hadejiya ko Dutse inda sabis yake da ƙarfi ka sauke su gaba ɗaya. Kafin nan ka duba ko kana da gcc, mai harhaɗa shirin C, ta hanyar rubuta `gcc --version`, idan babu ka haɗa da `build-essential` a wannan tafiyar. Idan ka rubuta shel ɗinka ya ƙi harhaɗuwa, ka kwafo saƙon kuskuren yadda yake ka liƙa shi a nan tare da layukan da ka rubuta, mu duba shi tare.